Hajiya ta zame wajen alwala sau biyu, me za mu saya?

Maman Amira: Salamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu ta haura tamanin, mantuwa ta yi yawa, ga ƙafa babu ƙwari. Watan nan sau biyu tana zamewa wajen alwala. Sanda ta fi, ko ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake turawa gaba?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Mai ƙafa huɗu.

Anti Bilki: In mantuwar ta yi nisa ba za ta tuna ta ɗauka ba. Namu yanzu zani ake ratayewa a kai.

Baban Khalifa: Maman Amira, kafin ki sayi komai ki tattaro magungunan da take sha a leda ki kai wa likita ya gani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da magariba ta kawo kai sai ya rikice, ya ɗauki hula ya ce a buɗe masa ƙofa zai tafi gida, alhali a gidansa yake. Barci kuwa babu. Ƙanina ya je wani kemis aka haɗa masa ƙwayar barci, muka riƙa ba shi kullum dare, har muna murna ya samu hutu. Ba a yi sati uku ba ya tashi fitsari da asuba, jiri ya kwashe shi, ƙashin ƙugu ya karye. Tun daga ranar bai sake takawa ba. Ya kwanta har bayansa ya yi gyambo, don babu wanda ya faɗa mana ana juya majinyaci duk bayan awa biyu. Sai a asibiti likita ya ce irin waɗannan ƙwayoyin ƙara wa tsoho ruɗewa suke yi, su kuma kayar da shi. Aka auna fitsarinsa, ashe ciwon mafitsara ne ya tsananta rikicewar tun farko. Ko zazzaɓi bai yi ba, ta ina za mu gane?

Maman Amira: Innalillahi. Allah ya gafarta wa Baba. Ita maganin hawan jini kaɗai take sha.

Nas Hauwa: Shi ma a duba, yana iya sa jiri in ta miƙe da sauri. Ta zauna a bakin gado minti ɗaya kafin ta tashi. Ku nemi a gwada jini, ƙarancin bitamin B12 yana kawo mantuwa da kasala, kuma yana da magani. Sannan kada kunu kaɗai ya zama abincinta, tsoka ce ke zubewa. Ƙwai, alala, nono, kifi. Ku bar ta ta riƙa tsince wake da ninke kaya, in kuka karɓe mata komai ƙarfin zai tafi da wuri.

Malam Tasi'u: A haɗa da ruƙiyya dai. Ba komai ne na asibiti ba.

Anti Bilki: Malam, addu'a dole ce, amma daga “ba na asibiti ba ne” maƙwabta suka fara ce wa kakarmu mayya don tana kiran sunan matattu.

Malam Tasi'u: Ni ban ce maita ba, Hajiya. Kada ki sa mini magana a baki. Abin da zan ƙara, ta yi sallarta a zaune, addini ya yi sauƙi.

Abu Sadik: Tawa kakar ta manta sunana, amma ba ta taɓa manta inda ta ɓoye goronta ba.

Ɗan Zinder: Hhhh wallahi haka suke duka.

Nas Hauwa: Ku sa mata kujerar roba mai ƙarfi a banɗaki, ku ɗauke dardumar da bakinta ke naɗewa, ku bar fitila a kunne da dare. Tayil da ruwa shi ne abokin gabarku. In kuna Kano ku je Asibitin Malam Aminu Kano, ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa.

Maman Amira: Na gode sosai. To sandar fa?

Ɗan Zinder: Anti Bilki ta ba ki nata, ki sauke zanin kawai.