Me ya sa Turawa ke cewa "Middle Ages"?

Dalibi_Zariya: Salam 'yan uwa, a darasin tarihi malaminmu sai ya ce medieval, wai tsakiyar zamani, to tsakiyar me kenan don Allah?

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam ɗalibi. Lissafin Turai ne, daga faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 zuwa wajen 1500, sun ɗauke shi a matsayin tsakanin zamanin Rumawa da lokacin farfaɗowar iliminsu, kalmar ma daga Latin take.

Yar_Damagaram: Abin da ke ba ni haushi shi ne har "zamanin duhu" wasu ke cewa, alhali lokacin Bagadaza da Andalus cike suke da malamai da littattafai, Mansa Musa ma ya je hajji a 1324.

Malam_Tarihi: Gaskiyarki hajiya, masana tarihinsu ma yanzu yawanci sun daina cewa duhun.