Neman kalma: "rauni" ko "cutuwa"?

1/ 'Yan uwa masu fassara, ku zo mu yanke hukunci kan kalmar Turanci vulnerability, wato yanayin da cutarwa za ta iya samun mutum. A labaran agaji ana cewa "masu rauni" ko "marasa galihu", kuma a can fassarar ta zauna daram. A falsafar shari'a kuwa ba ta kai inda ake so.

2/ H.L.A. Hart, malamin shari'a a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya rubuta a 1961 cewa duk al'ummar da ke son ɗorewa sai ta hana kisa da jikkata mutane, domin jikin ɗan Adam ƙarfe yana cinsa, sanda tana karya shi. Ya ce da muna da ɓawo mai tauri irin na wasu dabbobi, wanda ba ya fasuwa, da wani babban dalili na hana kisa ya gushe. Tun 1651 ma Thomas Hobbes, masanin falsafa ɗan Ingila, ya lura cewa mafi rauni yana iya halaka mafi ƙarfi, ko da makirci ko da taron dangi.

3/ "Rauni" tana da hujja mai ƙarfi. Tushen kalmar a Latin, vulnus, miki ne, mu ma muna cewa "ya ji rauni". Ga kuma aya ta 28 a Suratun Nisa'i, cewa an halicci mutum mai rauni. Matsalar ita ce a bakin jama'a "rauni" tana raba mutane gida biyu. Ka kira ɗan dambe mai rauni, sai ya ce ƙarya kake. Alhali maganar Hart ta haɗa shi da jariri da sarki.

4/ Shawarata "cutuwa". Hausa ta riga ta tanadi wannan gini don abin da kan iya faruwa da abu: gyaruwa, ɗinkuwa, "ruwan nan ba ya shawuwa". Mutum yana cutuwa, ko yau ƙalau yake. Kuma kalmar ta haɗu da hadisin da Malam ya karantar da mu a Arba'una, "ba cuta, ba cutarwa".

5/ Wani zai ce "na cutu" a kasuwa zamba take nufi. Ni wannan ƙarin riba na ɗauke shi, tunda dokokin da ake magana sun haɗa da hana sata da yaudara.

6/ Ga jumlar gwaji: "Cutuwar ɗan Adam ce tushen haramcin kisa." Mutanen Sakkwato da Damagaram, ya ta faɗo a kunnenku?