Na zuba wa tattasaina taki ya yi yaushi, alhali ƙasa a jiƙe take

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da 'yar fadama a Dadin Kowa, na dasa tattasai sati biyu ke nan. Shekaranjiya na sa yuriya, kowane gindi cikin tafin hannu, daf da kara, don ina so ya yi saurin tashi. Yau da safe na tarar ganyen duk ya langaɓe, bakinsa kamar an kara masa wuta, ga ƙasa jiƙe sharkaf. Cuta ce? Don Allah a taimaka, kuɗin irin da na takin duk bashi na ci.

Malamar bayoloji daga Gombe: Wa alaikumus salam. Malam, ƙishirwa ce ke damunsa. Kowace ƙwayar halitta ta saiwa tana da wata siririyar tantani da ruwa ke ratsawa, kuma ruwa kan bar inda yake tsararo ya nufi inda gishiri ko sukari ya fi yawa. Shi muke kira osmosis. A lafiyayyar ƙasa ruwan cikin saiwa ne ya fi kauri, sai na waje ya shiga, ƙwayoyin su cika tam. Bangonsu mai tauri ke hana su fashewa, wannan cikar ce ke miƙar da ganye. Da ka tara taki a gindi sai abin ya juye: ruwan ƙasa ya fi kauri, yana zuƙe na shukar, cikin ƙwayar ya motse ya rabu da bango. Yanka kokwamba ka barbaɗa gishiri, bayan minti 10 ka dubi farantin, za ka ga ruwan da gishirin ya zuƙo.

Wani dattijo daga Yamaltu: Ɗana, yuriya zafi gare ta, kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Maza kwashe wadda ba ta narke ba, ka sakar masa ruwa sosai ya wanke ta ƙasa, amma buɗe wa ruwan hanya kada ya kwanta. Nan gaba cikin murfin kwalbar lemo ya isa, a tona nesa da kara kamar faɗin yatsu huɗu, a rufe.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Malama. Zai farfaɗo kuwa?

Malama: Wanda ya yi yaushi kawai yakan tashi, kamar alayyahun da aka tsoma a ruwa. Ganyen da ya ƙone ya tafi. Ba shi kwana uku kana duba tsakiyar kan. In sabon toho ya fito, bar shi, in kara ya bushe, cire ka dasa wani.