Kundin Pink Floyd na 1973 a sauti mai kewaye: me ya kamata kunne ya ji?

Ɗan Ringim ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina riƙe da gidan kallon ƙwallo a wani ƙauye da ke yankin Ringim, kuma a ranakun da babu wasa nakan rufe ƙofa in saurari kiɗa da kayan sautin da ke wurin. Ƙanena da ke aiki a Legas ya aiko mini da faifan Blu-ray na kundin The Dark Side of the Moon, na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, haɗe da na'urar da ke karanta shi, ya kuma ce an sake haɗa sautin ta yadda zai riƙa zuwar wa mai sauraro ta gaba da ta gefe da ta baya. Na jona na'urar, da wayar nan mai kai ja da fari, a jikin hom tiyata mai sifika biyar da wufa ɗaya (sifikar amo mai kauri), wadda na saya a Kano bayan mai shagon ya tabbatar mini cewa 5.1 ce. Kiɗan ya shige ni, musamman wanda ake kira On the Run, inda babu mai rera komai sai wata na'ura da ke ta maimaita ɗan gajeren amo cikin gaggawa, amma abin da sifikun baya ke fitarwa shi ne dai abin da na gaba ke fitarwa, ban ji komai ya zagaya ni ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa jin kundin yadda ya kamata su bayyana mini abin da suka ji, masana kayan wuta kuma su faɗa mini ko matsalar daga faifan take ko daga kayana.

Mai gyaran rediyo daga Gumel ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Faifanka lafiyarsa ƙalau. Waya mai kai ja da fari hanya biyu kaɗai take ɗauka, hagu da dama, saboda haka na'urar tana matse hanyoyi shidan da ke cikin faifan ta mayar da su biyu tun kafin su fito, ita kuma hom tiyatar sai ta rarraba waɗannan biyun ga sifikunta biyar. Ka juya akwatin ka duba bayansa. Idan akwai ramin shigar HDMI, wato wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare, ko ramin waya mai aiki da haske, kuma an rubuta Dolby Digital ko DTS a jiki, wato tsare-tsaren sauti mai kewaye, to tana iya aikin, waya kawai za ka sauya. Idan kuwa ja da fari ne kaɗai sai ramin filasha da Bluetooth, to yawan sifiku aka sayar maka, kuma galibin masu arahar da ake kawo mini gyara haka suke. Shi ma Bluetooth hanya biyu yake ɗauka, haka ma waƙoƙin MP3 da ake tura wa mutane a memori.

In ta kai ga sauya kaya, ka nemi amfilifaya ta hannu irin wadda ake kira risiba, amma ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wutarta kafin ka biya, domin waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka wuta 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta idan babu taransifoma mai rage wuta. Wajen jerawa kuma, sifika ɗaya tana zama daidai gabanka, ta hagu da ta dama suna karkata kamar digiri 30 daga gare ta, biyun ƙarshe kuma wajen digiri 110, wato a gefenka da ɗan komawa baya kaɗan, ba can a liƙe da bangon baya kusa da rufi ba kamar yadda aka saba ratayewa a gidajen kallo.

Tsohon malami daga Bichi ya rubuta:

Ɗana, na fara jin wannan kundi ne a kaset lokacin da nake karatu a Zariya, kuma tun da na yi ritaya na dawo gida nake sauraronsa a kayan 5.1 da babban ɗana ya jera mini a ɗaki. Ya kamata ka san cewa ba daga baya aka ƙaƙaba masa zagayen sauti ba. Tun a 1967 ƙungiyar take kewaye zauren wasanta da sifiku, tana juya amo daga wannan kusurwa zuwa waccan da wata ƙaramar sandar sarrafa sauti da ake juyawa da hannu. Da aka naɗi kundin a situdiyon Abbey Road da ke Landan, injiniyansa Alan Parsons ya yi masa haɗi na sifika huɗu a wancan zamani, sai dai kayan jin irin wannan haɗi ba su karɓu a kasuwa ba. A 2003, da kundin ya cika shekara 30, James Guthrie ya yi haɗin 5.1, a 2023 kuma aka fitar da na Dolby Atmos, wanda ke ƙara sifiku a sama.

Game da On the Run da ka ambata, amo takwas ne kacal aka ɗora wa wata ƙaramar na'ura ƙirar kamfanin EMS na Landan, mai suna Synthi AKS, aka ƙara mata gudu tana maimaitawa. A sifika biyu, wannan maimaici yakan gundure ni, domin yana tsaye ne wuri ɗaya a gabana yana ta abu guda. A sifika biyar kuwa abubuwan da ke kewaye da shi suna samun wurin motsi: ƙarar da ke tasowa kamar jirgi tana ratsa ɗakin ta wuce, takun sawun mai gudu yana bi ta gefe, kuma sai mutum ya fahimci cewa kiɗan tsoro da firgici ne aka yi da gangan. Da ya ƙare da ƙarar fashewa, sai agogunan farkon Time, waƙar da ke biye da shi, su kaɗa gaba ɗaya. Parsons ya naɗo su ne ɗaya bayan ɗaya a shagon tsofaffin kaya, tun asali domin gwajin sauti mai sifika huɗu, kuma a nan ne nake ganin bambancin ya fi fitowa fili, domin abin da a kaset yake dunƙulalliyar hayaniya sai ya warware, kowane agogo da muryarsa da inda yake rataye. Wata rana jikata tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti lokacin da suka kaɗa, sai ta waiwaya bayanta tana neman agogo a bangon da babu komai sai kalanda. Haka ma farkon waƙar Money, inda ƙarar tsabar kuɗi da ta injin ajiye ciniki da yagar takarda suke bin juna a kan bugu bakwai, kowace tana faɗowa daga kusurwarta.

Mai fiyano daga Haɗejiya ya rubuta:

Baba, na ƙaru da bayaninka, amma ina neman afuwa zan ɗan saɓa maka a wani wuri. Sana'ata ita ce haɗa kiɗa da fiyanon Yamaha ga mawaƙan biki da na siyasa, kuma abin da aiki ya nuna mini shi ne amon na'ura yana jure yawo saboda kunne bai san masa mazauni ba. Babu wanda ya taɓa ganin inda irin wannan amo yake zama, don haka ko ta ƙeya ya zo ba a jin wani baƙon abu. Muryar mutum da ganga da jita kuwa an saba ganin masu su a gaba. Na ji haɗin Parsons na sifika huɗu a gidan wani abokin aiki a Kano, kuma a kunnena ya cika watsa kayan kiɗa zuwa baya, har hankalina ya koma kan neman inda abu yake fitowa maimakon sauraron kiɗan. Na Guthrie ya fi natsuwa, ko da yake na san akwai masu ganin ya cika tsantseni. A The Great Gig in the Sky, inda Clare Torry take rerawa ba tare da kalma ko ɗaya ba, ni dai sifika biyu sun wadatar da ni. Inda na yarda da Baba ba tare da ja ba shi ne Any Colour You Like, domin amon na'urar yana maimaita kansa yana dusashewa, kuma idan aka ba wannan amsa-kuwwa fili a gefe da baya sai ɗakin ya yi kamar ya ƙara faɗi.

Ga mai tambaya kuma, Yaya, ina jin gidan kallon naka ba zai ba ka abin da kake nema ba ko ka sauya kaya. Bangon siminti da rufin kwano marar silin suna mayar da sauti ta ko'ina har a kasa gane inda ya taso, kuma mutum ɗaya ko biyu da ke tsakiya ne kaɗai suke samun haɗin daidai, na bakin benci sifikar da ke kusa da shi kawai zai ji. Idan kana da ɗakin ƙasa mai rufin azara, da katifa da labule da darduma a ciki, ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Sannan kada ka gwada da janareta a kunne a bayan ɗaki, domin kundin yana farawa ne da bugun zuciya a hankali ƙwarai, kuma yawancin abin da ake turawa sifikun baya sauti ne marar ƙarfi wanda rurin inji zai haɗiye.

Ɗan Ringim ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba bayan akwatin, ja da fari ne kawai sai ramin filasha. Akwai ɗakin ƙasa a gidanmu, kuma ina da sola da inbata. Shin za su iya ɗaukar risiba?

Mai gyaran rediyo daga Gumel ya amsa:

Ka gwada adadin wat da aka rubuta a bayan risibar da na inbatarka, ka haɗa da abin da talabijin da na'urar faifan suke sha, ka kuma bar rara. Sannan ka tabbatar inbatar mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce, domin masu arahar nan suna sa taransifomar amfilifaya ta riƙa gurnani, kuma za ka ji shi a sifiku a duk inda kiɗan ya yi ƙasa. Ranar da za ka saya, ka tafi da na'urarka da faifan, ka sa mai shagon ya jona da HDMI ya kunna gwajin sifiku da ke cikin saitin risibar, ka ji ƙarar tana bin su ɗaya bayan ɗaya, sannan a sa farkon Time kafin ka ƙirga masa kuɗi.