Tambaya: yaya ake auna mai bincike a ilimin magunguna da yawan maƙalu da ambato?

Mai_Neman_Sani

Assalamu alaikum malamai. A ce ga mutum biyu suna neman kujera ɗaya a fannin ilimin magunguna, wato nazarin yadda magani ke aiki a jiki. Na farko shekararsa 18 yana wallafawa, yana da maƙala 80, rumbun maƙalu na Google Scholar ya nuna an ambace shi, wato an kafa hujja da aikinsa a wasu maƙalu, sau 4,200, ma'aunin h ɗinsa 21 a can, amma wani rumbun, Scopus, ya ba shi 14. Ta biyu shekararta 9, maƙala 25, ambato 1,100, h ɗinta 16 a Google Scholar, 14 a Scopus. Wane lissafi za a kama? Me ya zubar da na farkon haka a Scopus? Kuma idan mujallun da ya wallafa a ciki sun fi nata ma'aunin tasiri, wannan ya isa hujja?

Ma'aikaciyar_Laburare

Wa alaikumus salam, Malam. A fara da sanin abin da h ɗin yake aunawa. Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya fito da shi a 2005. Ana jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, sai a tsaya a inda lambar jerin ta wuce yawan ambaton. Misali maƙala takwas masu ambato 900, 40, 22, 15, 9, 7, 6, 3. Ta shida tana da 7, ta cika sharaɗi. Ta bakwai tana da 6, ba ta kai bakwai ba. To h ɗin 6 ne, alhali jimillar ambaton 1,002 ce, kuma 900 daga maƙala ɗaya suka fito. Mutuminka na farko ina kyautata zaton haka nasa yake: h na 21 ba ya buƙatar fiye da ambato 441, shi kuwa yana da 4,200, don haka wasu 'yan maƙalu ne ke ɗauke da nauyin. A nemo su tukuna.

Bambancin rumbunan kuwa daga abin da kowanne ke ƙirgawa ne. Google Scholar kwasar karan mahaukaciya yake yi: kundin digiri, takardun taro, babin littafi, rubutun da ba a tantance ba, da mujallun da ba su shiga kowane rumbu ba. Scopus da Web of Science suna da jerin mujallun da suka zaɓa, ambaton da ya fito daga cikinsu kawai suke lissafawa. Kowa lissafinsa ya fi yawa a Google Scholar, wannan ba laifi ba ne. Amma faɗuwa daga 21 zuwa 14, alhali ɗayar daga 16 ta sauko 14, yana nuna ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai yawancin masu ambatonsa suna wajen mujallun da aka tantance, ko kuma Scopus ya raba shi gida biyu saboda rubutun suna.

Na biyun yana faruwa sosai, don haka kafin a yanke hukunci a nemi lambar ORCID ta kowannensu, wato lambar shaidar mai bincike, mai gurbi 16, a haɗa da lambar marubuci ta Scopus, a duba ko akwai maƙalun da suka faɗa wani shafin. Shafin Google Scholar kuma mai shi ne ke sarrafa shi, idan ya bar shi yana ƙara maƙalu da kansa, aikin wani mai irin sunansa yakan shigo. A ɗauki lissafin duka biyun daga rumbu ɗaya, a rana ɗaya, a rubuta ranar.

Sai batun shekaru. H ba ya raguwa, don haka yana fifita wanda ya daɗe. Hirsch da kansa ya ce a raba shi da shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko. Da lissafin Scopus, na farko 14 a kan 18, kusan 0.8, ta biyu 14 a kan 9, kusan 1.6.

Tsohon_Ɗakin_Gwaji

Malama ta gama da lissafi, bari in taɓa abin da ya shafi fannin kansa, domin a ilimin magunguna akwai maƙalun da ke tara ambato ba tare da sun gano komai game da wani magani ba.

Na gaba-gaba su ne maƙalun hanyar aiki. Duk wanda ya auna furotin da hanyar Lowry ta 1951 sai ya ambace ta, shi ya sa ta haura ambato 300,000. A fanninmu akwai lissafin Cheng da Prusoff na 1973 da ake juya IC50 zuwa Ki da shi (ma'aunai biyu na ƙarfin magani), da na Arunlakshana da Schild na 1959 kan magungunan da ke toshe makarɓa, wato wurin da magani ke kamawa a ƙwayar halitta, da hanyar Lorke ta 1983 ta gwajin guba, da ta Chou da Talalay ta 1984 kan haɗa magani biyu. Ayyuka ne masu daraja, babu musu, sai dai ambatonsu na nuna yawan masu amfani da kayan aiki ne. Ba a ɗora irin wannan a sikeli ɗaya da maƙalar da ta gano inda wani magani ke kamawa a jiki.

Sai maƙalun bita, waɗanda ke tattara aikin wasu. Ana ambatonsu fiye da binciken asali saboda marubuci ya fi samun sauƙin kafa hujja da bita ɗaya a gabatarwa maimakon maƙala goma. Shi ya sa Pharmacological Reviews kullum take can sama a jerin mujallun fannin. Sannan ga takardun taron dangi, irin Concise Guide to Pharmacology da British Journal of Pharmacology ke fitarwa duk shekara biyu da sunayen masu hannu a ciki rututu. Mutum na iya ba da gudummawar shafi ɗaya kan makarɓa ɗaya, dubban ambato su hau shafinsa.

Don haka, Malam, ka raba maƙala 80 ɗin nan kashi huɗu: binciken asali, bita, hanyar aiki, da na taron dangi. A cikin binciken asali ka ware waɗanda yake marubuci na farko, ko na ƙarshe, ko wanda ake tuntuɓa, domin a wannan fanni na farko shi ya yi aikin hannu, na ƙarshe shi ne mai ɗakin gwajin. Ka sake lissafa h da waɗannan kaɗai. Mujallu da yawa yanzu suna buga rawar da kowane marubuci ya taka bisa tsarin CRediT mai rawa 14, a duba can ma.

Wani abin da ba ya fitowa a lamba: maƙala goma da aka canza sunan tsiro kawai, ɓeraye iri ɗaya, gwaji iri ɗaya, ba a ware sinadarin da ke aiki ba, ba a nuna yadda tasiri ke hawa da ƙarin adadin magani ba. A takarda goma ce, a ilimi ɗaya ce.

Dakta_Mai_Tantancewa

Kan tambayarka ta ƙarshe, a'a, bai isa ba. Ma'aunin tasirin mujalla, wanda Eugene Garfield ya assasa kuma Clarivate ke fitarwa yanzu, na mujalla ne. Na 2024 shi ne ambaton da aka yi a 2024 ga abin da mujallar ta buga a 2022 da 2023, a raba da yawan maƙalun shekarun biyu: ambato 1,500 a kan maƙala 300 ya ba da 5.0. Tsiraru ne ke jan wannan matsakaicin sama, yawancin maƙalun mujallar suna ƙasa da shi. Sanarwar DORA da aka tsara a San Francisco a 2012 kan wannan ta tsaya, cewa kada a auna mutum da shi wajen ɗauka aiki ko ƙarin girma ko ba da kuɗin bincike.

Abin da ya fi shi shi ne ma'aunin da ke gwada maƙala da sa'o'inta. FWCI na Scopus yana kwatanta ta da masu irin fanninta, irin nau'inta, shekararta, 1.0 daidai da matsakaici ne, 2.0 ninki biyu. Wannan ya rage matsalar bita, tunda bita da bita ake gwadawa. RCR kuma, wani ma'auni mai kama da shi, na cibiyar binciken lafiya ta Amurka (NIH) ne, ana samunsa kyauta a shafin iCite ga maƙalun da ke rumbun PubMed. Ga maƙalar da ba ta cika shekara biyu ba kada a dogara da ko ɗaya, ambato uku kacal na iya ɗaga ta ko su kayar da ita. Wannan zai shafi ta biyun, tunda aikinta sabo ne.

Inda zan ɗan saɓa wa Malam Tsohon Ɗakin Gwaji, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ne batun marubucin tsakiya. A gwajin magani kan mutane da ake yi a cibiyoyi da yawa, wanda ya yi lissafin yadda jiki ke tsotsa da fitar da maganin sau da yawa a tsakiya yake, kuma ba don shi ba babu maƙalar. A ware su gefe a tambaye shi me ya yi, kada a zubar.

Mai_Neman_Sani

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ambaton kai fa, Dakta? Nawa ne ya yi yawa?

Dakta_Mai_Tantancewa

Babu wani kaso da za a ce daga nan laifi ya fara. Wanda ya shekara goma kan makarɓa ɗaya dole ya ambaci aikinsa na baya. Scopus da Web of Science duka suna iya cire ambaton kai, a Scopus har da na abokan rubutu. Ka cire, ka ga h ya sauko da nawa. Sauka da ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Daga 14 zuwa 9 sai an buɗe an duba. Wurin da za ka fi zuba ido shi ne maƙalun da ke bakin iyakar h, masu ambato 14 ko 15, domin nan mai son gyara lamba yake kai hannu. Ka duba kuma ko rukuni biyu ko uku ne kawai ke ambaton juna, ban gishiri in ba ka manda.

Kada a manta da maƙalun da aka janye, don ambatonsu ba ya fita daga lissafi da kansa. Maƙalar Wakefield ta 1998 kan allurar rigakafi, wadda The Lancet ta janye a 2010, an ci gaba da ambatonta, da yawa don ƙaryata ta, kuma na'ura ba ta bambance yabo da suka. A 2023 kamfanin wallafa mujallu na Hindawi ya janye maƙalu sama da 8,000, Clarivate kuma ta cire mujallunsa 19 daga Web of Science. Rumbun Retraction Watch, mai tattara maƙalun da aka janye, yana hannun ƙungiyar Crossref tun 2023, kyauta ne, a sa sunan kowannensu a ciki.

Tsohon_Ɗakin_Gwaji

Na karɓi gyaran Dakta kan na tsakiya. Bayan duk wannan, a ce kowannensu ya zaɓo maƙala biyar da ya fi alfahari da su, wani ɗan fannin ya karanta. A duba ko an raba dabbobi rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, ko mai aunawa bai san wane rukuni yake aunawa ba, ko an faɗi dalilin yawan dabbobin, kamar yadda ƙa'idojin ARRIVE kan rahoton gwaji da dabbobi na 2010 da gyaransu na 2020 suka nema. A duba ko yawan maganin da aka zuba wa ƙwayoyin halitta a kwano abu ne da jinin mutum zai iya kaiwa. Sinadarin da sai an zuba shi da yawa, har maikuromola 100, yake aiki da wuya ya zama magani. Sannan a buɗe ambato ashirin na kowace maƙala a ga a ina aka ambace ta. Idan a gabatarwa ne cikin jerin lambobi shida, gaisuwa ce kawai. Idan a sashen hanya ko na tattauna sakamako ne, kuma daga ɗakin gwajin da ba shi da alaƙa da marubucin, to wani ya maimaita aikin ko ya gina nasa a kai.

Aikin da aka yi a kamfanin magani ko a asirce kuma lissafin nan ba ya ganinsa sosai. Rahoton artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, na 1977 da Sinanci ya fito, da sunan rukuni, babu sunan Tu Youyou a kai, ita ce kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Idan ɗaya daga cikin mutanenka ya taɓa aiki a kamfani, a nemi takardun mallakar ƙirƙira da gwaje-gwajen da aka yi wa rajista da sunansa, a haɗa da maƙalun.