Taƙaitawa: gane sulallan azurfa na lardunan daular Rum

Na tambayi 'yan uwa masu tara tsoffin sulalla yadda ake gane waɗannan sulallan, ga abin da na tattaro daga bakinsu.

1. Kowa ya yarda a fara da rubutun. Na larduna galibi da Girkanci ne, dinari (denarius), wato sulen azurfa na birnin Rum, kuwa da Latin.

2. An fi daɗewa kan na Iskandariya ta Masar. A duba alamar L a bayan sulen, harafin da ke tare da ita shi ne shekarar mulkin sarki: LΓ, shekara ta 3 ke nan, don Γ shi ne 3 a Girkanci. Azurfarsu gauraye take da tagulla, tana ta raguwa har aka daina buga su wajen shekarar 296, zamanin sarki Diyokletiyan. Saboda haka duhun launi ba ya nufin jabu ne. Wannan shawarar ta fi yi mini amfani.

3. Hoton gaggafa a bayan sule, galibi na birnin Antakiya ne, amma birnin Taya ma ya buga. Hoton Dutsen Argayus kuwa na Kaisariya ta Kafadokiya ne.

4. Jabu: a auna nauyi, a duba gefe ko akwai layin haɗi da 'yan ramuka, alamar zuba shi aka yi ba bugawa ba.

5. Kan wankewa aka rabu. Wasu sun ce ruwa da burushi mai laushi ba laifi, wasu sun ce kada a taɓa. Goge shi har ya yi ƙyalli dai babu wanda ya goyi baya.