Ina Shan Maganin Amosanin Gaɓɓai, An Ƙi Yi Mini Allurar Rigakafi

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ina fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita, kuma ina shan methotrexate, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar, sau ɗaya a mako. Na je a yi mini rigakafin ciwon hanta nau'in B, amma da mai allurar ta ga sunan maganin a katina sai ta mayar da kwalbar cikin firji, ta ce ba a yi wa masu raunin garkuwa. Shin haka abin yake?

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rigakafi iri biyu ta haɗa ta yi musu kuɗin goro. Wanda ake kaffa-kaffa da shi shi ne mai ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar na shawara, na ƙyanda da ɗigon shan inna. Na ciwon hanta nau'in B, na mura irin na allura da na ciwon huhu ba su da ƙwaya mai rai, saboda haka ba za su sa miki cutar ba, hasali ma kin fi mai cikakkiyar lafiya buƙatarsu. Illar maganin da kike sha ita ce yana iya rage ƙarfin kariyar da allurar za ta bayar, shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta fitar a 2022 ta ce a dakatar da methotrexate na mako biyu bayan allurar mura, muddin ciwon ya lafa. Sai dai likitanki ne zai yanke wannan, kada ki dakatar da kanki.

Dattijon Zaure:
Malama, ni rituximab ake ɗura mini duk wata shida, kuma shi yana share ƙwayoyin jinin da ke haɗa kariya. Likitata takan sa a yi mini allura dab da lokacin ɗuri na gaba, sannan ta jinkirta ɗurin da mako biyu. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a ƙasashe da dama tsarin rigakafin kyauta an gina shi ne a kan yara da masu juna biyu, babba mai irin ciwonmu kuwa da aljihunsa zai nema, in ma an samu. Ki roƙi likitanki ya rubuta takarda mai sunan maganin da kike sha da alluran da ya amince da su. Tun da na fara riƙe irinta ba a sake mayar da ni ba.

Uwar Biyu:
Na gode, Baba. Zan karɓo takardar, kuma zan tambaye shi batun ɗigon shan inna da ake yi wa yarana, tunda ƙwayarsa mai rai tana iya fita ta kashi, kuma ni ce mai wanke musu.